Wuyan Rumbu

Na ji abin da kuke faɗa ɗazu kuna taka ƙasa. Kun ɗauka kunnena ya mutu, to hannu ne kawai ya soma rawa. Kun ce rumbu ai tukunya ce da ta yi girma, duk wanda ya ga uwarsa tana ginin tukunya zai iya. Ban ji haushi ba, don ubana ma haka ya ce, kuma shi magini ne da ya fi ni nesa ba kusa ba. Ku wanke ƙafafunku ku zo inuwa ku ji.

Asalinmu magina ne daga ƙasar Zamfara. Ina yaro Baba ya kwaso mu, ni da wana Mamman da uwarmu, muka biyo ayarin fatake, domin labari ya kai can cewa an kafa sabon gari a kudu, kowa yana neman mai yi masa katanga. Kontagorar da muka tarar ba wannan ba ce. Sansani ne, daga bukka sai zana, manyan mayaƙa suna kwana a ɗakin kara. Kowannensu yana son soro da zaure, kuma yana so a gama jiya. Aiki ya samu har ya yi mana yawa.

Kayan aikin magini ba su cika kwando ba. Fartanya ta haƙa, kwandon ɗiba, tulun ruwa, gatari na sassaƙa azara, igiya, madaɓi, sai sakaina ta gyaran fuskar bango. Sauran duk a jikinka suke: ƙafa ta taka, hannu ya mulmula, ido ya auna. Wanda idonsa bai auna ba, ko an ba shi kayan duniya ba zai tsayar da katanga ba. Ni nawa idon ba ya auna miƙaƙƙen abu.

Katangar farko da Baba ya bar ni na hau ta gidan wani mahauci ce a bayan kasuwa. Mun haƙo ƙasa a kududdufi, muka jiƙa, muka zuba ciyawa da kashin doki, muka taka, muka bar ta ta ruɓa. Muka mulmula tubali muka shanya har ya bushe. Ranar gini na hau na zauna a kan katangar kamar mai hawan jaki, na ƙasa suna jefo mini tubali ina cafkewa ina jerawa ina cusa laka. Da yamma Baba ya zo ya tsaya a ƙarshen katangar, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Jatau, katanga kake yi ko sawun maciji kake bi?"

Na ce, "Baba, na bi igiyar."

Ya ce, "To igiyar ce ta bugu. Sauko da ita."

Na rushe aikin yini da hannuna, mahaucin yana zaune yana kallo. Haka ya faru ba sau ɗaya ba. Ga kuma tsoron sama. Da katanga ta wuce tsayin mutum biyu sai in kasa duban ƙasa. Mamman kuwa tafiya yake a kan katanga kamar a tsakar gida, yana cin gyaɗa. Shi aka haifa don soro. Tun bai yi gemu ba yake iya ɗaurin guga, ya lanƙwaso azara daga bango huɗu su haɗu a tsakiya, babban mutum ya shigo ya ɗaga kai ya yi shiru.

Abin da nake da shi yaɓe ne. In aka jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, har ruwan ya yi baƙi-baƙi, aka kwaɓa da ƙasa, ni nake shafawa, kuma bangon da na shafa yakan ci damina da yawa bai zube ba. A nan kuwa ruwa ba irin na Zamfara ba ne, bango yake ci. Duk abin da yake da ciki ko lanƙwasa, murhu ne, akurkin kaji ne, mazaunin tulu ne, hannuna yana sonsa, ba na ma sanin rana ta yi. Matan gidajen da muke wa aiki sukan aiko a ce a turo musu ƙaramin. Baba bai so ba. Yakan ce, "Hannun nan naka na mata ne. Da an sani an kai ka wurin masu tukwane." Ban ga laifinsa ba. A zamaninsa magini shi ne mai tayar da soro, sauran duk tarkace ne.

Bayan rasuwar Baba, aiki ya koma hannun Mamman. Wani rani muka rasa azara. Kun san a ƙasar nan gara ba ta barin kowane itace sai giginya, ita ma sai namijin da ya tsufa. Mamman ya ce in tafi wajen Nasko, an ce akwai wata tunga ta Kambari da ke da giginya a fadamarsu, in sa a sare a tsaga, in zauna har a gama.

Da na isa tungar, ban fara ganin giginyar ba. Rumbuna na gani. Mu a gari rumbun zana muke yi, ɓera ya ci, gara ta ci, wuta ta tashi ta gama da sauran. Su nasu na ƙasa ne zalla, a tsaye kan duwatsu, kaji suna shawagi a ƙarƙashi. Wani ya fi ɗaki tsawo. Cikinsa ya buɗe, ya tafi yana tsukewa har ya zama baki wanda mutum ɗaya kawai zai iya zurawa, an rufe da faifan laka da ɗan jinka a kai. Na ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa, ya amsa kamar tulu. Bangon bai fi kaurin tafin hannu ba. Ba tubali, ba azara, ba abin da ya tokare shi.

Mai gina su yana can bayan tungar ya soma wani sabo. Sunansa na Kambarci ya fi ƙarfin harshena, su ma da suke magana da baƙi Gajere suke ce masa. Sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Hausarsa ta kasuwa ce, yakan ce "ya" inda za a ce "ta", amma ban taɓa kasa gane shi ba. Ya ga na tsaya ina kallo, sai ya miƙo mini curin laka. Na murza, na shinshina. Akwai ƙasar shuri a ciki, da wata ciyawa mai laushi da aka daka.

Ya ce, "Kai magini ne."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Mai saye ba ya shinshina ƙasa."

Masu saran giginya suna fadama suna aikinsu, ni ina wurin Gajere. Ya nuna mini yadda ake jera duwatsu don kada danshi da gara su hau. Ya nuna mini yadda ake murza laka ta yi tsawo kamar igiya, a ɗora a kan bango, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, ana matsewa ana ja da baya ana zagayawa. Ba a wuce taki ɗaya a yini, sai ya sha iska a ƙara. Ya tayar da bangaye sirara a ciki, suka raba rumbun uku, na dawa, na gero, na wake. Ran da ya bar ni na yi zagaye ɗaya ni kaɗai, ya bi bayana da yatsa yana laluben inda zai gyara, bai samu ba. Ya dube ni, ya dubi hannuna.

Ya ce, "Shekara nawa kana wannan?"

Na ce, "Yau na fara. Katanga nake yi."

Ya yi dariya ya ce, "An sa kifi noma."

Azara ta haɗu, masu ɗauka suka iso, a lokacin rumbun ya gama buɗe ciki ke nan, bai soma tsukewa ba. Na ce masa na ga yadda ake yi. Ya girgiza kai. Ya ce ciki kowa ya iya, ko matarsa tana yi. Inda laka za ta kwanto ciki ta rataya a iska ba abin da ya riƙe ta, nan ne aikin.

Ya ce, "Wuyar rumbu tana wuyansa. Ku Hausawa kun sani, shi ya sa kuka ba su suna ɗaya. Ka dawo rani mai zuwa, ka zauna daga dutse har baki. Ni ma ina son ka nuna mini tubalinku."

Na dawo gida na sami Mamman a zaure yana duba azarar ɗaya-ɗaya. Na bari ya gama, na ce, "Yaya, ina neman alfarma. Rani mai zuwa ina so ka ba ni dama in koma tungar nan in koyi rumbu."

Bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Wurin wa?"

Na gaya masa.

Ya ce, "Ɗan gidan magina, jikan magina, ya tafi ƙauye ya durƙusa yana koyon tukunya. In an tambaye ni ina ƙanena, me zan ce? Kuma wa zai yi mini yaɓe? Ga zaure biyu na karɓa. Bari mu fita wannan, ma gani."

Ban yi musu ba. Wa ne, kuma a madadin uba yake. Abin da na yi sai na soma karkata aikin sannu-sannu zuwa inda hannuna yake so, ba tare da na fita daga ƙarƙashinsa ba. Akwai wani Banufe a cikin masu yi mana aiki, yana son hawa, ya tsani yaɓe saboda makuba tana cin hannu. Na ce mu yi musaya, ya hau katangata in shafa bangonsa. Mamman ya gani ya kau da kai, don katangar ta fi miƙewa, yaɓen ma ya fi kyau. Daga nan na karɓe daɓe, na karɓe duk wani aikin cikin gida. Sai na roƙe shi abu ɗaya: duk gidan da muka gama, in mai gida yana so, in tsaya in yi masa ɗan rumbun ƙasa a baya. Ya ce ba ruwansa, muddin ba a lokacin aikinsa ba.

Rumbun farko da na yi a garin nan na Gwaggo Hari ne, wata dattijuwa mai sayar da fura a bakin kasuwa. Takan sayi gero da kaka ta ajiye, ɓera ya raba da ita. Na jera mata duwatsu, na nemo ƙasar shuri, na tayar da shi har ƙirjina. A nan ilmina ya ƙare. Na bar shi da baki a buɗe kamar ƙwarya, na yi masa babban jinka na kifa. Duk da haka ya yi mata amfani. Da damina ta tsaya ta buɗe ta tarar da geronta lafiya, ta aiko mini da fura cikin ƙwaryar da ba ta ba kowa. Ta riƙa gaya wa mata a kasuwa. Kafin shekara ta zagayo, in an ce Jatau sai a ce wane, mai rumbu? Wannan ne lokacin da na fi jin daɗin sana'a, ko da yake rabin abu nake sayarwa.

Gajere yakan shigo kasuwa jifa-jifa da zuma. Wata rana na kai shi gidan Gwaggo Hari ya gani. Ya zagaya rumbun, ya ƙwanƙwasa, ya ɗaga jinkan ya leƙa.

Ya ce, "Ciki ya yi. Amma ba ka yi masa wuya ba, hula ka sa masa. Bana zan yi babba, na surukina. Ka zo."

Na ce, "Bana akwai masallacin unguwa. Baɗi in Allah ya yarda."

Ya ce, "Bara ma baɗi ka ce."

Gaskiyarsa. Rani shi ne lokacin gini, shi ne kuma lokacin koyo, ba a raba shi biyu. Kowane rani Mamman yana da babban aiki a hannu. In ba masallaci ba, gyaran ganuwa ne da ake tara kowa, in ba shi ba, soron wani babba ne da ba a ce masa a'a. Ni kuma ina samun na tuwo da ƙananan rumbunan nan, ga aure, ga 'ya'ya. Tafiyar ba ta fi ta kwana biyu ba. Na riƙa ganin tungar tana nan, Gajere yana nan, ba inda za su.

Sai mugunyar shekarar ta zo. Ku kuna ƙanana ko ba a haife ku ba. Mayaƙan garin nan sun gama kwashe garuruwan nesa, suka juyo kan na kusa, har waɗanda suke kawo mana hatsi kasuwa. Manoma suka watse, wasu suka hau duwatsu, gonaki suka zama daji. Ɗan abin da aka shuka fara ta sauka a kai. Wanda ba shi da na tuwo ba ya kiran magini. Aiki ɗaya ya rage mana, zauren wani bafade da ba zan kama sunansa ba. Yana gaggawa, ya hana a jira azara ta bushe. Mamman yana sama yana ɗaurin guga, ɗaya ta karye a ƙarƙashinsa. Ya faɗo a kan ƙugunsa. Maɗori ya yi iya yinsa, amma daga ranar bai ƙara tsayawa da ƙafarsa ba sai da sanda biyu. Aka dakatar da zauren.

A lokacin ne na sami ranin da ba kowa a kaina. Na ɗauki gora da sanda na kama hanyar Nasko. Tun daga fadama na san ba lafiya, don ba hayaƙi, ba kukan kaza. Ɗakunan sun ƙone, ciyawa ta fito a tsakar gidaje. Rumbunan ne kawai a tsaye, wuta ba ta iya musu komai ba. An sassare cikin wasu da gatari an kwashe hatsin. Babban nan na surukin Gajere yana nan, ya fi duk sauran, an huda shi a gefe. Na sunkuya na shiga ta hudar. Na ɗaga kai na ga wuyan daga ciki, sawun yatsunsa a jere suna zagayawa har baki. Na taka bangon ciki na hau, na sa yatsuna a cikin sawun, na bi su. Na yini a ciki. Na ga abin da ya yi, amma ban ga yadda ya yi ba.

Da na dawo, Gwaggo Hari ta aiko kirana. Yunwa ta sa ɓarayi suna ɗaga jinkan rumbunta suna ɗiba. Ta tattara abin da take da shi ta sayi gero daga fataken arewa, tana son rumbu mai ƙaramin baki wanda za ta liƙe da laka.

Na ce, "Gwaggo, ban koyi wuya ba. Gani kawai na yi."

Ta ce, "Ɗana, wanda ya koya yana ina?"

Ta ce to in yi, Allah yana nan.

Na yi. Sau biyu kafaɗar tana zubowa ina sakewa, na uku ta tsaya. Muka zuba geron, muka liƙe. Ruwan farko da aka yi mai ƙarfi, wuyan ya tsage ta bayan jinka inda ido ba ya gani. Ruwa ya riƙa tsiyaya ciki. Sai da wari ya fito aka sani. Da muka fasa, na sama ya tsiro, na tsakiya ya yi baƙi ya dunƙule, ɗan na ƙasa kawai aka tsira da shi. Gwaggo Hari ta tsaya tana kallo, ta ce, "Ka gaya mini tun farko. Allah ya sa iyakarta ke nan." Ba ta ƙara dama fura a garin nan ba. Ta koma wurin 'yarta a Zugurma, can ta rasu.

Da rani ya dawo bafaden nan ya aiko a zo a gama masa zaure. Mamman ba ya iya hawa, sai ni da Banufen, Mamman kuma a ɗauko shi a ajiye a inuwa yana nuna mana da sanda. Mai gidan ya ba mu bayinsa su taka ƙasa. Ran farko ina wucewa na ga ɗaya daga cikinsu ya sunkuya ya ɗebi laka, ya murza, ya kai hanci. Ya rame, gashinsa ya yi fari, ga marin ƙarfe a ƙafarsa. Na tsaya. Ya ɗago.

Ya ce, "Magini. Ciyawa ta yi yawa a ƙasar nan taku."

Na ce, "Gajere, na je. Na tarar ba kowa."

Ya ce, "Ka zo baɗi ke nan."

Na tambaye shi iyalinsa. Ya ce an raba su tun a hanya, bai san inda aka yi da su ba. Ya ci gaba da taka ƙasa, don mai tsaronsu yana kallo.

Da la'asar na sami mai gidan a ƙofar gida, na durƙusa. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani a cikin mutanenka, ba na taka ƙasa ba ne. Ba wanda ya kai shi ginin rumbu a ƙasar nan. In ka ba ni shi rani ɗaya, za mu gina maka wanda zai ci hatsin gidanka duka, wuta ba ta ci, ɓera ba ya shiga."

Ya ce, "Zaurena shekara guda yana tsaye ba rufi, mutane suna yi mini dariya, kai kana zancen rumbu. Gama mini zaure. In ka gama ka ɗauke shi."

Na yi godiya na tashi. Daga ranar, in rana ta take aka ba su hutu, sai in kawo tuwona mu zauna a gindin bango ni da Gajere. A nan ya gaya mini abin da ban gani ba a cikin rumbun surukinsa. Lakar wuya dabam take da ta ciki, ta fi daɗewa tana ruɓa, ciyawarta ta fi tsawo, a kwance ake sa ta tana bin zagaye. Bangayen ciki su ake fara tayarwa su wuce kafaɗa, su ne ƙashin bayan abin. A wuya ba a yin taki ɗaya a yini, yatsa biyu ake yi, da sassafe, a rufe da ɗanyen ganye kada rana ta busar da waje ta bar ciki. Mai gini a ciki yake tsayawa, ya rufe kansa, ya fito ta baki. Ya ɗebi laka ya gina mini ɗan ƙarami a ƙasa, bai fi tulu ba, yatsunsa suna tafiya kamar ba abin da ya same shi. Da ya gama ya taka shi da ƙafa.

Ya ce, "Ƙarami ƙarya yake yi, komai ka yi masa zai tsaya. Babba sai ka ji nauyinsa a hannunka, ina tsaye a bayanka. Yi sauri ka gama ɗakin mutumin nan."

Na yi saurin da zan iya. Amma ɗaurin guga ba aikina ba ne. Abin da Mamman zai yi a kwana kaɗan sai da na ci wata ina fama, shi yana ƙasa yana cewa a sauke a sake. Saura yaɓen ciki, wanda shi ne nawa, wasu fatake suka iso daga kudu da bindigogi da albarushi. Wata safiya na zo aiki na ga masu taka ƙasa sun ragu. Na tambayi mai tsaronsu. Ya ce mai gida ya yi ciniki jiya, an wuce da su tun asuba, hanyar Nufe.

Na gama yaɓen. Mai gidan ya zo ya ga zaurensa, ya yaba, ya ce, "Af, mutumin nan naka. Na manta. Ka zaɓi wani a cikinsu, ai duk Kambari ne."

Tun daga wannan zauren ban ƙara hawa katanga ba. Ba wanda zai hana ni kuma. Na koma rumbu gaba ɗaya, ina gwada abin da na ji da kunne. A bayan gidanmu na riƙa yi, ba a gidan mutane ba, don kada in ƙara ɓata hatsin wani. Wanda ya zube ya fi wanda ya tsaya yawa. Wuyan farko da ya ci damina biyu bai tsage ba, gemuna ya riga ya yi fari. Yanzu ina rufe wuya, kun gani da idonku, amma mafi girman da na taɓa yi bai kai rabin na surukin Gajere ba. In na wuce nan sai in ji lakar tana gaya mini wani abu da ban san amsarsa ba. Shekarun da hannuna yake da ƙarfi da ji, a kan katanga na kashe su ina abin da wani ya fi ni. Da na samu na juyo, hannun ya soma gajiya, masu noman da za su cika rumbun ma sun ƙare. Saboda haka in ɗayanku ya ga inda hannunsa yake so, kada ya tsaya a rabi don rabin yana ba shi tuwo. Ya yi wa na gaba da shi ladabi, ya roƙa, in an ce baɗi ya sake roƙo kafin baɗin.

Mafi girman nan nawa da nake faɗa a gidan Mamman yake. Shi ya ce in yi masa. Kullum da safe sai a fito da shi a shimfiɗa masa tabarma, ya jingina da bango yana kallo, ba ya cewa komai. Shi da bai taɓa ganin aiki ya yi shiru ba. Ran da na rufe wuyan na fito ta baki na sauko, ya ce a miƙa masa sandunansa. Ya ja jiki har gindin rumbun, ya ƙwanƙwasa, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon kafaɗar.

Ya ce, "Me ya riƙe ta?"

Na ce, "Ita ta riƙe kanta, Yaya."

Ya ce, "Ni ba azara ba zan iya rufe ko akurki ba." Sannan ya ce, "Shekarar nan da ka dawo da azara, da na bar ka ka tafi."

Na ce, "Ba ɗaure ni ka yi ba. Sau ɗaya na tambaya."

Ya ce, "Sau ɗayan ai ya isa." Ya juya ya koma tabarmarsa.

Ya ce in kaka ta yi zai sa a sayo dawa a cika shi, ya ga yadda zai ɗauki nauyi. Bai kai kakar ba. Hatsin da ya fara shiga rumbun shi ne wanda maƙwabta suka kawo na sadakarsa, ko ɗaya a cikin ɗakuna ukun da aka raba cikinsa bai cika ba.